Yaya saƙon intaferon ke kunna ƙwayoyin gado a cikin sel?

Rabi_FSS3

Assalamu alaikum ƴan uwa na wannan zaure. Ina shekara ta 3 a sashen koyon likita na Jami'ar Abdu Mumuni nan Yamai, kuma akwai abin da ya tsaya mini a darasin garkuwar jiki. An ce mana intaferon furotin ne da ƙwayar halitta, wato sel, take fitarwa idan bairos ya shige ta, ya je ya sami sel-sel na kusa, su kuma su kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado don kare kansu. To amma intaferon a waje yake tsayawa, a jikin tantanin da ya lulluɓe sel. Ƙwayoyin gadon kuwa suna can ƙurya cikin cibiyar sel, a nannaɗe cikin ADN, wato DNA, zaren da ke ɗauke da bayanan gado. Wane ne ke ɗaukar saƙon daga waje zuwa can? Na biyu, cikin ƙwayoyin gado kusan 20,000 da ke ba da furotin a jikin mutum, ta yaya ake gane waɗanda za a kunna, ba a taɓa na wani aikin ba? Sunayen JAK da STAT suna cikin littafina, amma yadda abin ke tafiya nake so in gani.

Ɗan_Konni

Wa alaikumus salam. Ni malamin kimiyyar halittu ne a lise, ga yadda nake gaya wa ɗalibaina. Ɓarawo ya haura gida ɗaya a unguwa, matar gidan ta yi kururuwa. Kururuwar ba ta shiga ɗakin kowa ta ɗauko masa sanda ba, a kunne ta tsaya. Mai gidan da ya ji ne ya tashi ya sa sakata, ya ɗauko sandarsa. Intaferon shi ne kururuwar. Gidan da aka haura wataƙila ya riga ya yi asara, amma maƙwabta sun farka.

LaboYamai

Malam ya buɗe hanya, bari in shiga ciki. Ƙanwata Rabi, ki bi abin daki-daki. A jikin tantanin sel akwai makarɓi mai ɓangare biyu, IFNAR1 da IFNAR2. Kowanne ya huda tantanin, kansa a waje, wutsiyarsa a ciki. A wutsiyar IFNAR1 akwai wani inzam a manne, wato furotin mai gudanar da wani aiki a sel, sunansa TYK2, a ta IFNAR2 kuma JAK1; su biyun ƴan dangin JAK ɗin da ke littafinki ne. Muddin ɓangarorin biyu suna nesa da juna, inzam ɗin nan shiru suke. Da intaferon na irin alfa ko beta ya zo, sai ya kama IFNAR2 da ƙarfi, ya jawo IFNAR1 kusa. Iyakar aikinsa ke nan, ya haɗa su. Amma haɗuwar kawunan a waje ita ke kusanta wutsiyoyin a ciki, TYK2 da JAK1 su gamu, su liƙa wa juna fosfet, wani ɗan sinadari mai kunna su, su farka.

Daga nan sai su liƙa fosfet a wutsiyar makarɓin kansa, sannan a kan wasu furotin biyu da dama can suna zaune cikin ruwan sel, STAT1 da STAT2. Wurin liƙawar sananne ne, a kan tirozin, ɗaya daga tubalan da ake gina furotin da su: ta 701 a STAT1, ta 690 a STAT2. Kowane STAT yana da wani lungu mai suna SH2 wanda ke kama tirozin mai fosfet, don haka STAT1 ya riƙe ta STAT2, STAT2 ya riƙe ta STAT1. Ga na ukunsu, IRF9. Su ukun nan a haɗe ake kira ISGF3, kuma su ne ɗan aiken da kike tambaya. Wani furotin da ake kira imfotin shi ke ɗaukarsu ya ratsa da su ta ƙofofin da ke jikin cibiya.

Rabi_FSS3

Allah ya saka da alheri yaya. Ashe intaferon ɗin ko kusa da ADN ba ya zuwa. Saura ta biyun, yadda ake zaɓen ƙwayoyin gadon.

Hadiza_Lyon

Rabi, a kan wannan nake aikin digirina, bari in amsa. A gaban kowace ƙwayar gado akwai wani yanki na ADN da ba ya ba da furotin, aikinsa kawai tsara lokacin da za a karanta ta. Waɗanda intaferon ke kunnawa suna da wani gajeren jeri na haruffan ADN a wannan yanki, ana kiransa ISRE. Siffar IRF9 da ta STAT1 ta dace da wannan jeri, shi suke kamawa su zauna. Ƙwayar gadon da ba ta da shi, wuce ta za su yi. Bayan sun zauna sai su jawo wasu furotin irin su p300 da CBP, waɗanda ke sassauta naɗin da ADN ya yi a jikin histon, wato furotin ɗin da yake nannaɗe a kansu, sannan inzam mai kwafa, ARN folimaras ta 2, ta sami hanya ta kwafe saƙon zuwa ARN, wato RNA, kwafin aiki na ADN, a fitar da shi daga cibiya a ƙera furotin da shi.

Abin da har gobe yake burge ni shi ne saurinsa. In ka zuba intaferon a kan sel-sel a labo, cikin ƴan mintuna za ka ga fosfet a jikin STAT1, kafin minti 30 ya taru a cibiya. Dalilin shi ne ba sai an ƙera komai sabo ba, kowa yana nan a shirye, fosfet kaɗai ake jira. Ko da ka sa maganin da ke tsayar da ƙera furotin gaba ɗaya, zagayen farko na kwafar zai gudana.

Ɗan ƙarin bayani kan maganar yaya LaboYamai: makarɓin da intaferon ɗin sukan lotsa cikin sel a ƴar jakar tantani bayan sun haɗu. Amma ko a nan ma intaferon bai taɓa ADN ba.

Moussa_Farmasi

To waɗannan ƙwayoyin gadon da aka kunna, me suke yi wa bairos ɗin takamaimai?

LaboYamai

Kowanne da inda yake tare hanya. IFITM3 yana hana wasu bairos, irin na mura, fita daga ƴar jakar da suka shigo cikinta. MxA yana kama kayan cikin bairos ya hana shi kwafar kansa. OAS in ya ji ARN mai tagwayen igiya, wanda alama ce ta bairos, sai ya tada RNase L, ita kuma ta yi ta daddatsa ARN, na bairos da na sel ɗin duka. PKR yana tsayar da ƙera furotin a sel ɗin baki ɗaya. Teterin kuma yana ɗaure sababbin bairos a jikin tantani ya hana su tsinkewa su tafi. Ka lura da OAS da PKR, Malam Musa: sel ɗin kansa yana shan wahala. Ba kariya ce ta kyauta ba.

Tsohon_Majo

Ɗiyata Rabi, ku kun samu abin a shirye cikin shafi ɗaya. A 1957 Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano intaferon a Landan. Sun sa bairos ɗin mura da aka kashe da zafi a kan tantanin da ke cikin ƙwan kaza, suka ga ruwan da tantanin ya zauna a ciki yana hana bairos mai rai yaɗuwa a wani sabon tantanin. Shekaru da yawa ana samunsa ƙanƙani ƙwarai. A Finlan, Kari Cantell daga fararen ƙwayoyin jinin masu ba da jini yake tace shi. Sai a 1980 aka samo ƙwayar gadonsa aka fara sa bakteriya suna ƙera shi. Lokacin da muke makaranta, tsakanin bakin sel da cibiya babu abin da aka sani.

Hadiza_Lyon

Gaskiya ne Baba. Kuma yadda aka cike wannan giɓin yana da daɗin ji. George Stark da Ian Kerr da abokan aikinsu sun lalata ƙwayoyin gadon sel-sel na mutum barkatai, suka tsinto waɗanda suka daina jin intaferon, sannan suka riƙa mayar musu da ADN har suka ga wanda ya dawo da jin. A 1992 rukunin Sandra Pellegrini a Cibiyar Pasteur ta Paris ya nuna cewa wani layin sel da ake kira U1A, TYK2 ne ya rasa. A daidai wannan lokaci James Darnell a Jami'ar Rockefeller ta New York ya biyo ta ɗaya gefen, daga ISRE ya yi baya har ya tsamo furotin ɗin STAT. A tsakiya suka haɗu.

Alhaji_Ader

Ƴan boko ku yi haƙuri in shigo da tawa daga Tawa. Ƙanena yana da ciwon hanta na B. Da ya je neman magani waje an yi masa maganar wata allura ta intaferon, mako-mako, kusan shekara guda. Wani da ya taɓa yi ya ce masa duk ranar allura zazzaɓi ke kayar da shi. In dai abin kariya ne da jiki ke yi da kansa, don me zai sa mutum rashin lafiya?

Majo_Zainabu

Alhaji, wanda ya gaya masa bai yi ƙarya ba. Na taɓa kula da wani bawan Allah da ya dawo da allurarsa daga waje. Cikin watan Afrilu ne, zafin Yamai yana kan ganiyarsa, ƴan awoyi bayan allurar farko sai ga shi ya lulluɓa da bargo yana kyarma har haƙoransa na haɗuwa, kai na sara, gaɓoɓi na ciwo. Matarsa ta tsorata ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi gwaji babu komai. Muka mayar da allurar dare, yana shan farasetamol kafin ya kwanta, bayan ƴan makonni abin ya yi sauƙi. Wata wahalar ita ce ajiya, dole sai cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. In aka ɗauke wuta, ɗansa ne ke fita neman ƙanƙara a sa cikin kula, a naɗe sirinjin da tsumma don kada su daskare.

Dokta_Sani

Alhaji, ciwon kai da ciwon jikin da kake ji in mura ta kama ka, kaso mai yawa ba bairos ɗin ne ke yin sa kai tsaye ba, intaferon ɗinka da ƴan uwansa ne. Kusan kowane sel mai cibiya a jiki yana da wannan makarɓi na IFNAR, don haka in aka yi allura, hanta ta ji, ɓargo ya ji, ƙwaƙwalwa ma ta ji. Shi ya sa ake bibiyar jinin mai shan magani, saboda fararen ƙwayoyin jini kan ragu, wasu kuma baƙin ciki mai tsanani ke kama su, wasu maƙoƙo ya rikice.

Game da ƙanenka, irin da ake bayarwa yanzu shi ne wanda aka manna wa wani sinadari don ya daɗe a jini, sau ɗaya a mako har mako 48. Ba kowa ya dace da shi ba. Mai ciki ba a ba ta, wanda hantarsa ta riga ta gaza ma ba a ba shi. Mafi yawan mutanenmu ƙwayar tenofobir ake ba su, ɗaya a rana, kuma tana danne bairos ɗin sosai. Likitan da ya ga sakamakon gwajinsa shi zai zaɓa. Kuma don Allah a gwada matarsa da ƴaƴansa, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi.

Alhaji_Ader

Na gode Dokta, zan isar masa. Allah ya ba mu lafiya.

Hadiza_Lyon

Akwai abin da ya shafe mu ƴan Afirka a maganar hanta. Kafin magungunan yanzu, ciwon hanta na C da intaferon da ribabirin ake yi masa magani, kuma an daɗe ana ganin baƙar fata ba su cika warkewa kamar Turawa ba. A 2009 aka gano wani bambancin gado a kuromozom na 19, kusa da ƙwayoyin gadon wani iri na intaferon da ake kira lamda, wanda ya bayyana babban ɓangare na wannan. A 2013 aka gano wata ƙwayar gadon lamda, IFNL4, a wurin. Nau'in da ke ƙera wannan furotin ya fi yawa a cikin mutanen Afirka, kuma masu shi ne ba su cika jin maganin ba. An ga cewa hantarsu ta riga ta kunna ƙwayoyin gadon da intaferon ke kunnawa tun kafin a yi allura, sai allurar ta zo ta tarar babu sauran abin da za ta ƙara. Alhamdu lillahi tun fitowar sofosbubir a ƙarshen 2013 da magungunan da suka biyo baya, mako 12 na ƙwayoyi yana warkar da fiye da kashi 95 cikin 100.

Issa_Dabbobi

Ni likitan dabbobi ne, ina so in ɗora a kan misalin Malam Ɗan_Konni: akwai ɓarawon da ke fara toshe bakin matar gidan. A 2016 ina cikin waɗanda suka yi aiki a arewacin jihar Tawa lokacin zazzaɓin Rift, wajen Cintabaradan da Tasara. Abin da na gani ba na mantawa. Ka iso zango da safe ka tarar tumaki da awaki sun yi ta ɓari cikin dare, ƴan tayin a yashe a ƙasa, makiyayi yana kwashe su da hannu ba safa, matarsa na tatsar nono ana sha ɗanye. Ta haka mutane da dama suka kamu, wasu suka rasu. Cibiyar Pasteur ta Dakar ce ta tabbatar da cutar.

Wannan bairos yana da wani furotin, NSs, wanda ke shiga cibiyar sel ya hana a kwafi ƙwayar gadon intaferon beta, sannan ya sa a narkar da PKR ɗin da LaboYamai ya ambata. Shi ya sa yake cin hanta da sauri haka. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce wani nau'insa da aka samo a Afirka ta Tsakiya, ana kiransa Clone 13, wanda ya rasa babban yanki na NSs. Shi ba ya iya toshe intaferon, ba ya yin ɓarna irin ta sauran, har aka mayar da shi rigakafin dabbobi.

LaboYamai

Madalla Malam Issa. Kusan duk bairos ɗin da ya yi suna yana da irin wannan makami, kuma in ka jera su za ka ga kowanne da matakin da ya zaɓa. Na hanta C yana datse MAVS, wanda ke cikin hanyar da sel ke fara jin shigowar bairos. Na ƙyanda yana da furotin V da ke riƙe STAT. Na haukan kare, furotin ɗinsa P yana kama STAT1. Na dengi yana sa a narkar da STAT2. Ebola kuwa, VP24 ɗinsa yana zama a daidai wurin da STAT1 zai kama imfotin, fosfet ya hau, komai ya yi daidai, amma a bakin cibiya za a tsaya. Rabi, in kina son haddace matakan, ki bi su ta inda kowane bairos ya tare.

Bawa_Kasuwa

To tunda haka ne, me zai hana a riƙa ba mutane abin da ke ƙara intaferon tun kafin su kamu? Akwai masu sayar da wani garin magani a unguwarmu, suna cewa yana ninka garkuwar jiki. Ni dai ina ganin yawan garkuwa ba ya cutarwa.

Dokta_Sani

Malam Bawa, a nan ban yarda da kai ba ko kaɗan. Yawansa yana cutarwa, kuma muna ganin masu fama da hakan. A cutar lufus, wadda ta fi kama mata matasa, jinin da yawa daga cikinsu cike yake da alamar ƙwayoyin gadon nan a kunne ba dare ba rana, ba tare da wani bairos ba. Fata, gaɓoɓi da ƙoda ke biyan kuɗin. Har a 2021 aka amince da wani magani, anifrolumab, wanda aikinsa toshe IFNAR1. Akwai kuma wata cutar gado ta jarirai, Aicardi-Goutières, inda sel ke ɗaukar ADN ko ARN nasa a matsayin na bairos, ya yi ta fitar da intaferon har ƙwaƙwalwar yaro ta lalace. Shi kuwa garin maganin, ka tambaye su a jinin wa aka auna, kuma me aka auna. Ni abin da ke damuna shi ne masu ciwon hanta da ke barin asibiti su koma irin waɗannan, su dawo mana ciki ya kumbura.

Bawa_Kasuwa

Dokta, ba duk maganin gargajiya ne na banza ba. Iyayenmu da shi suka rayu.

Dokta_Sani

Ban ce na banza ba ne, Malam. Atemisinin da muke warkar da zazzaɓin cizon sauro da shi daga tsiro aka samo shi, amma sai da aka tace aka auna. Maganata a kan wanda ke da'awar ninka garkuwa ce.

Rabi_FSS3

Dokta, wannan ya dawo da ni kan tambayata ta wata fuska. In kunnawa na da sauƙi haka, wa ke kashewa?

Hadiza_Lyon

Cikin ƙwayoyin gadon da ISGF3 ke kunnawa har da na masu kashe shi. SOCS1 yana zuwa ya toshe JAK. USP18 yana manne wa IFNAR2 ya hana makarɓin haɗuwa da kyau, shi ya sa sel ɗin da ya sha intaferon alfa jiya ba ya jin na yau sosai. A cikin cibiya kuma akwai inzam masu cire fosfet daga STAT1, su sa a mayar da shi waje. Amma cikin waɗanda ake kunnawa akwai kuma masu ƙara wuta: STAT1 da IRF9 kansu, da IRF7 mai sa a ƙera ƙarin intaferon alfa, da RIG-I da MDA5 masu jin ARN ɗin bairos. Wato saƙo ɗaya yana tada mai ƙarawa da mai ragewa, bambancin yana ga wanda ya riga isowa. Yaran da aka haifa ba su da USP18 suna yin kumburin jiki mai tsanani tun suna jarirai.

Moussa_Farmasi

Lokacin korona na ji an ce an gwada intaferon bai yi aiki ba, kuma na ji an ce rashinsa ke kashe mutane. Wanne ne gaskiya?

Dokta_Sani

Duka biyun, Malam Musa. A 2020 rukunin Jean-Laurent Casanova, da ke aiki tsakanin New York da asibitin Necker na Paris, ya nuna cewa kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda korona ta kai su bakin mutuwa suna da garkuwar da ke kame intaferon nasu na kansu, kuma mafi yawansu maza ne. Su a kwanakin farko bairos ya samu fili. A ɗaya gefen, babban gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna Solidarity ya ba waɗanda aka riga aka kwantar intaferon beta, bai rage mutuwa ba. A wannan matakin kumburin huhu ne ke kisa, har ma baricitinib, maganin da ke toshe JAK1 da JAK2, shi ya taimaka. Lokacin da saƙon ya zo shi ne magana.

Ɗan_Konni

Wato intaferon gama da muke ji a gwajin tarin fuka shi ma ta wannan ISGF3 ɗin yake bi?

LaboYamai

A'a Malam, hanyarsa ta ɗan bambanta. Gama makarɓinsa daban, IFNGR1 da IFNGR2, inzam ɗinsa JAK1 da JAK2. STAT1 biyu ne ke haɗuwa da juna, ba STAT2 ba IRF9, kuma jerin da suke kamawa a ADN sunansa GAS. Ba kowane sel ke ƙera shi ba, wasu fararen ƙwayoyin jini ne, sel-sel na T da na NK, kuma babban aikinsa zaburar da makrofaj, wato sel-sel masu haɗiye ƙwayoyin cuta, su kashe abin da suka haɗiye, irin bakteriyar tarin fuka. Gwajin QuantiFERON shi yake aunawa: a haɗa jinin mutum da furotin ɗin bakteriyar, in sel-sel nasa na T sun san ta sai su fitar da gama. Amma gwajin ba ya bambanta mai cutar a fili da wanda take kwance a jikinsa.

Dokta_Sani

A 1996 aka fara ba da labarin yaran da aka haifa da lalataccen IFNGR1, wasu a Malta, ɗaya ƴar asalin Tunisiya wadda iyayenta ƴan uwan juna ne, ƙwayar BCG, rigakafin tarin fuka, ta bazu a jikinta.

Majo_Zainabu

Dokta a yi hattara da wannan magana, akwai iyaye mata a zauren nan. Irin wannan lalurar ba kasafai ake samunta ba ko kaɗan, tarin fuka kuwa yana cikin unguwanninmu. Kada wata ta karanta ta hana jaririnta BCG.

Dokta_Sani

Haka ne Majo, a yi wa kowane jariri. Na kawo shi ne don likitocin gobe irin su Rabi: in kika ga yaron da kumburin BCG ya bazu a jikinsa, ko ƴan gida ɗaya suna ta irin wannan ciwo, bayan gwajin sida ki tuna da wannan hanya.

Rabi_FSS3

In sha Allah Dokta. Amma yaya Hadiza, kin ambaci lamda ɗazu. Na duba, shi ma JAK1 da TYK2 da ISGF3 da ISRE yake amfani da su. In hanyar ɗaya ce, me ya sa jiki ke da iri biyu?

Hadiza_Lyon

Bambanci na farko shi ne wa ke ji. Makarɓin lamda, wanda aka gano a 2003, ya fi yawa a sel-sel ɗin da suka shimfiɗe hanyar numfashi da hanji, da na hanta. Don haka ana iya yin faɗan a bakin hanci ko hanji ba tare da an tada jiki duka ba. Na biyu, alfa da beta suna tashi da ƙarfi su sauka da wuri, lamda a hankali yake hawa ya daɗe. Na uku, ko da ISGF3 ɗaya ne, ba kowane ISRE ne a buɗe a kowane sel ba. Wanda ke naɗe tam a sel ɗin jijiya yana iya zama a sake a makrofaj. Kuma ni ina ganin littattafan karatu sun cika jingina komai ga fosfet. Rukunin Stark ya nuna cewa bayan STAT1 da STAT2 da IRF9 sun yi yawa a sel, suna iya haɗuwa ba fosfet su riƙe wasu ƙwayoyin gadon a kunne har kwanaki.

LaboYamai

Ƙanwata Hadiza, a nan ina da ja. Rashin ganin fosfet a gwaji ba ya nufin babu shi, yana iya zama kaɗan ne ƙasa da abin da na'urar ke gani. Kuma sel-sel suna fitar da ɗan intaferon beta kullum ko ba bairos, wanda ke riƙe STAT1 a matakinsa. Ta yaya za a raba wannan da wancan?

Hadiza_Lyon

An gwada da STAT1 wanda aka sauya masa tirozin ta 701 yadda fosfet ba zai iya hawa ba, kuma an ga wasu ƙwayoyin gadon sun tashi. Amma na yarda ana jayayya kan girman rawar da yake takawa a jikin mutum, ba a kwanon labo ba.

Issa_Dabbobi

Ni tambayata ta aiki ce. Tunda MxA ba ya tashi sai intaferon ya zo, ba za a iya auna shi a jini a gane zazzaɓin bairos ne ba? A daji da mun sami irin wannan a 2016, da an rage ba mutane maganin bakteriya a makance.

LaboYamai

Akwai gwajin gaggawa irin wannan, FebriDx, ɗigon jinin yatsa, yana auna MxA tare da CRP, furotin mai nuna kumburi a jiki. An yi shi ne don ciwon hanyar numfashi. Ko ta PCR ma, gwajin labo mai gano ADN ko ARN, ana iya auna ARN na MX1, ƙwayar gadon da ke ba da MxA, kuma na'urorin suna nan Yamai, cibiyar binciken lafiya ta CERMES na aiki da su kan mura da sanƙarau.

Dokta_Sani

Ina son ra'ayin, amma akwai abin da za a fara dubawa. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ita ma tana tada intaferon na rukunin alfa da beta, tarin fuka mai tsanani ma yana barin wannan alama a jini. Yaron da aka kawo daga Abalak ko Madawa cikin watan Satumba da zazzaɓi, yana iya zuwa da biyu a lokaci guda. Sai an gwada shi a kan yaranmu, da damina da rani, an kwatanta da sakamakon gwajin cizon sauro, kafin in sa hannu a kan takardar magani saboda shi.